Ban Yi Kuka Ba

Wurin wasan yaran yana kan hanyar asibitin ƙashi, abin da ya jawo maganar ke nan tun farko. Duk ranar da Tsuntsuwa ta karye, sai an bi da ita ta gaban doguwar katangarsa mai fentin ja da shuɗi, tana kwance a cinyar uwarta a bayan mota, an tokare ta da filo ta kowane gefe. Daga inda take ba ta hango komai sai saman babban lilon nan mai juyawa da mutane, amma tana jin ƙararrawar ƙaramin jirgin ƙasan da ke yawo da yara a ciki, tana jin ihunsu. Shekararta biyar a duniya, ta bi hanyar nan har Umma ta daina lissafi.

Haka aka haife ta, ƙashinta ba shi da ƙwari. Ranar da likita ya faɗi dogon sunan ciwon ya ga iyayen sun yi zuru, sai ya ce su ɗauka kamar alli aka jera mata a jiki a maimakon ƙashi. Atishawa mai ƙarfi ta taɓa tsaga mata haƙarƙari. Ta taɓa karyewa a ƙauri don kawai zanin gado ya naɗe mata ƙafa tana juyi. Dangin uba suna kiranta Tangaran, wai da wasa, wai don kowa ya riƙa tunawa. Umma ba ta taɓa amsa sunan nan ba. Ita ta sa mata Tsuntsuwa, domin in ka ɗauke ta ba ka jin nauyin komai sai bugun zuciya.

Ɗaukar ma da yadda ake yin ta. Ba a cira ta ta hammata, ba a jan ta ta hannu. Tafi ɗaya a ƙarƙashinta, ɗaya a bayan kai da kafaɗa, yatsu a buɗe, kamar an ɗauko faranti cike da ruwa. Umma ta koya wa Abba, ta koya wa kakanni, ta koya wa duk baƙon da ya shigo yana miƙa hannu. Kuma kullum da magana ɗaya take rufewa: ko faɗuwa yarinyar za ta yi, a tare ta da tafi, kada a damƙa. Ta faɗi wannan har mutane suka fara ƙarasa mata ita suna dariya.

Umma tela ce, kekenta a falo yake, kusa da taga. Duk rigunan Tsuntsuwa ita ta ɗinka su, duka ta gaba suke buɗewa, don kada a lanƙwasa mata hannu wajen sawa. Gefen tebur, ƙafar kujera, bakin ƙofa, ko'ina ta naɗe da soso ta rufe da ƙyallen da ya rage daga ɗinkin mutane, har gidan ya koma kamar shi ma riga aka yi masa. A cikin gidan nan yarinyar tana tafiya da ƙafarta, tana surutu, tana ba 'yar tsanarta umarni. A waje kuwa sai a keken da ake tura ta a ciki, kuma wajen nan bai wuce asibiti ba.

Da aka cire mata ɗaurin karaya na ƙarshe, suna dawowa, ƙararrawar jirgin ta kaɗa daidai lokacin da suka zo katangar. Tsuntsuwa ta ce ita fa yanzu ta warke, kuma ba ta taɓa ganin jirgin nan da idonta ba, shin ja ne ko kore?

Babu wanda ya sani a motar.

Umma ce ta ɗauki maganar ta kai wa Abba bayan ya ci abinci. Abba mai gyaran firji ne, hannuwansa duk kanta, kuma har yau in zai ɗauki 'yarsa sai ya goge su a wando tukuna, kamar kaushin zai iya ji mata ciwo. Ya ce a'a. Ya ce wurin nan cike yake da 'ya'yan mutane masu gudu ba sa duba gabansu, kuma ba wanda zai tsaya yana sauraron darasin yadda ake ɗaukar yarinya. Umma ta ce to sai yaushe? Ƙashin ba gobe zai yi ƙwari ba, ba baɗi ba. Ta ce yarinya ta san sunan kowace ma'aikaciya a asibiti amma ba ta san agwagwa ba sai a hoto. Suka ja maganar kwana da kwanaki. Ranar da ya gaji ya yarda, a tsaye yake a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa, ya yi maganar da ƙarfi saboda tsoro.

"Ku je. Amma in aka dawo min da ita da karaya, shi ke nan. Ba ita ba wurin nan, ba ita ba ko'ina."

Tsuntsuwa tana ƙarƙashin teburin ɗinki tana tsince maɓallai. Ba wanda ya kula ta daina tsincewa.

Umma ba ta yin abu da ka. Ta fara zuwa ita kaɗai wata safiya, ta zagaya wurin kamar mai neman hayar gida. Ta duba inda ƙasa take da rami, inda yara suka fi gudu, inda akwai benci a inuwa. Ta ga jirgin. Kore ne, da jan kai, yana zagaye wani tafki mai agwagi, ya shiga ɗan kogon siminti ya fito. Hanyar shigarsa ce ba ta yi mata ba: wani siririn layi tsakanin ƙarafa biyu, mutum ɗaya ma sai ya karkace, a ƙarshensa matakala uku masu tsayi. Amma a gefe akwai ƙofa mai faɗi, ba matakala, an zana mata hoton keken guragu da fentin da ya koɗe. Sarƙa ce a jikinta da kwaɗo.

Ta yi wa mai jirgin bayani, wani dattijo mai fara'a da hular rana. Ya saurare ta har ƙarshe, ya girgiza kai don tausayi, ya ce ta zo da safe a ranar aiki, kafin mutane su taru, shi da kansa zai buɗe mata ƙofar gefe.

"Ba matsala, Hajiya. Ki zo kawai."

Ba matsala. Mutanen da kalmomin nan biyu suka kwantar a gadon asibiti sun fi waɗanda mugunta ta kwantar, domin mai faɗin su ba ya nufin sharri, ba ya kuma nufin komai. Umma ta san haka sarai. Amma ta gaji da zargin kowa, sai ta karɓa ta tafi gida ta ɗinka wa Tsuntsuwa rigar sama mai soso a ƙirji da baya, ruwan ɗorawa, da aljihu mai siffar agwagwa.

Gwaggo, yayar Abba, ita ke da mota, ta ce ita za ta kai su. Mace ce mai jiki da murya, mai shagon atamfa, wadda ba ta taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba kuma ba ta taɓa ganin laifin hakan ba. An yi da ita da sassafe. Tsuntsuwa ta shirya tun kafin a share tsakar gida, tana zaune a kekenta da rigar soso da hular kwano a cinya. Rana ta hau. Umma ta kira waya, Gwaggo ta ce ga ta nan a hanya. Ta sake kira, ta ce wata mai saye ce ta tsare ta. Sai da hantsi ya wuce sannan aka ji hon.

"Ina Tangaran ɗina? Kai, wannan riga! Yaƙi za mu je ko wasa?" Ta dubi fuskar Umma ta yi dariya. "Ke dai matar ƙanena, kin cika saka abu a rai. Jirgin guduwa zai yi?"

Da suka isa, manyan motoci biyu na wata makaranta suna sauke yara a bakin ƙofa, duk da riguna iri ɗaya, suna zubowa kamar an kwance buhu. Umma ta ce a juya, a dawo wata rana. Gwaggo ta ce haba, bayan an zo har nan? Ta ce tsaro na Allah ne, ko a ɗaki mutum yake abin da zai same shi zai same shi. Umma ta buɗe baki za ta ba ta amsa, sai ta waiga baya. Ga Tsuntsuwa can a zaune. Ta riƙe hularta da hannu biyu, tana kallon saman katanga, kuma ƙararrawar jirgin tana kaɗawa.

A bakin ƙofa Umma ta durƙusa gaban keken, ta gyara mata maɓallin wuya. Tsoron da ke cikinta ne ya nemi hanyar fita, sai ya fita ta bakinta.

"Kin dai ji abin da Abba ya ce. Ki natsu, kada ki yi wani motsi sai na ce. In wani abu ya faru ba za mu sake zuwa ba."

Yarinyar ta gyaɗa kai.

Suka shiga, Gwaggo a gaba tana raba mutane da jakarta, Umma tana tura keken tana kare gefe da gwiwar hannu. Tsuntsuwa tana juya kai hagu da dama. Ta ga mai sayar da balan-balan, ta ga dawakan katako masu zagaye, ta ga wani yaro ya faɗi tim ya tashi ya ci gaba da gudu, ta bi shi da kallo har ya ɓace. Ta tambayi Umma ko shi ba za a kai shi asibiti ba.

Mai jirgin ya gane Umma, ya gaishe ta da murna, har ya sunkuya ya gaida yarinyar. Da ta nuna ƙofar gefe sai ya shafa aljihu, ya shafa ɗayan, sannan ya tuna ai makullin yana wurin manaja. Manaja kuma ya ɗan fita, amma yanzu zai dawo. Suka koma inuwa suka jira. Jirgin ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Rigar soso ta fara jiƙewa da gumi. Umma ta koma ta tambaya, aka ce yanzu zai dawo. Ta tambaya ko za a ɗaga yarinyar a miƙa ta ta saman ƙofar, mai jirgin ya miƙo hannuwa biyu zai karɓe ta ta hammata, Umma ta ja da baya.

Gwaggo ce ta kawo shawara. Ta ce layin ya ɗan ragu, su shiga kawai, ita a gaba, Umma a baya, Tangaran a tsakiya. "Ni ai katanga ce. Duk wanda ya iya ture ni, a ba shi jirgin kyauta."

Keken bai shiga tsakanin ƙarafan ba. Umma ta gwada shiga da ita a hannu, ta ga in ta buɗe gwiwar hannu yadda ya kamata sai ƙafafun yarinyar su bugi ƙarfe. Ta sauke ta. Tsuntsuwa ta tsaya da ƙafarta tsakanin mata biyun, tana taku ƙanana, kanta bai kai ƙarfen sama ba. Umma ta sa tafi ɗaya a bayanta, ta kama ƙarfe da ɗayan, ta mai da jikinta ƙofa. Suka matsa, suka matsa. Saura kaɗan.

Sai jirgin ya tsaya, ƙararrawa ta kaɗa, wani ajin yaran makarantar da aka sako daga wurin lilo ya kwararo cikin layin a guje. Ba mugunta suka yi ba, yara ne. Na baya ya tura na gaba, na gaba ya tura na gabansa, nauyin duka ya sauka a bayan Umma. A daidai lokacin Gwaggo ta riga ta hau matakala, katangar ta tafi. Umma ta ga 'yarta ta yi gaba, fuskarta na nufar bakin simintin matakala.

Ba ta yi tunani ba. Ta damƙi hannunta na dama, sama da wuyan hannu, ta fizgo ta sama.

Umma ta san ƙarar. Ƙarama ce, kamar an karya tsinken tsintsiya a ɗaki na gaba. Ta sha jin ta. Amma a nan ƙararrawa na kaɗawa, yara na ihu, wata malama na busa usur, ba ta ji komai ba. Ta tallafe yarinyar ta haye matakalar da ita, ta zaunar da ita a kujerar jirgi, ta durƙusa tana duba fuskarta. Domin kullum fuskar ce ke faɗa. Kafin ma kukan ya fito, baki yakan buɗe, ido ya juye.

Bakin a rufe yake. Tsuntsuwa ta ɗora hannun a cinya, ta kifa hularta a kai.

"Wani wuri yana ciwo?"

"A'a."

"Hannun fa? Nuna min."

"Umma, jirgin zai tashi. Ki zauna."

Mai jirgin yana cewa kowa ya zauna, Gwaggo tana jan mayafinta tana cewa ta bar yarinya ta sha iska. Umma ta zauna. Daga baya, duk lokacin da ta tuna, nan ne wurin da ya fi ci mata rai. Ta san yadda ta damƙa, yatsunta sun sani. Amma tana so ya zama ba komai, sai ta bari ya zama ba komai. Abin da take tsana a bakin mutane, shi ta yi da nata hannun.

Jirgin ya tashi a hankali, yana ƙwaram-ƙwaram a kan ƙarfe. Kowane gaɓar layi sai ya ɗan girgiza. Suka bi gefen tafkin. Agwagi sun taru inda ake jefa musu burodi, wata ta nutsa kai ta bar wutsiya a sama. Tsuntsuwa ta ce, a hankali, ashe suna da girma. Gwaggo ta fito da waya tana ɗaukar hoto, tana cewa Tangaran ta yi murmushi, ta ɗaga hannu. Ta yi murmushin. Ta ɗaga hannun hagu. Gumi yana bin gefen kunnenta, Umma ta goge mata, ta ce a ranta rigar soso ce da zafin rana. A cikin kogon, da duhu ya rufe su yaran suka kwashe da ihu, Umma ta ji ɗan jikin da ke jingine da ita ya ƙame, yana numfashi guntu-guntu. Suka fito haske, murmushin yana nan inda aka bar shi.

Da suka sauka, Gwaggo ta ce kin gani ko, me ya faru? Ta je ta sayo askirim, ta miƙa wa yarinyar a keke. Tsuntsuwa da dama take cin komai, da dama take zane, da dama take tsince maɓallai. Ta miƙa hagu. Abin ya karkace ya faɗi a kan aljihun agwagwa, ba ta ko motsa ɗayan hannun don ta tare ba.

Umma ta ɗage hular.

Hannun ya kumbura, ya ɗan lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa. Tsuntsuwa ta dubi hannun, ta dubi uwarta, leɓenta ya bushe fari.

"Ban yi kuka ba," ta ce. "Umma, ai ban yi kuka ba. Kada ki faɗa wa Abba."

Jakar Umma ba ta rabuwa da kwali da auduga da bandeji. Ta zauna a benci ta yi abin da ta saba, ta shimfiɗa hannun a kan kwali, ta naɗe daga ƙasa zuwa sama. Mutane suka taru, kamar yadda suke taruwa. Wata ta ce Allah sarki. Wani ya ce ai irin waɗannan yaran a gida ake barin su, me ya kawo ta cikin jama'a? Wata ta ce iyayen yanzu ba sa jin magana. Babu ko ɗaya da ya waiga ya dubi ƙofar da ke bayansu da sarƙa a wuya, mai hoton keken guragu. Sun saba ganin ta a rufe har ta zama bango a idonsu. Gwaggo tana tsaye da ragowar askirim yana narkewa a hannunta.

A lokacin ne manaja ya dawo, makullai suna kaɗawa a ƙugunsa. Ya ce subhanallahi, ya ce da an sanar da shi ai da ya bar makullin. Ya bayyana cewa ana rufe ƙofar ne saboda masu satar shiga, kuma tun da yake wurin nan ba a taɓa samun irin wannan ba. Umma ta tallafi 'yarta, tafi ɗaya a ƙasa, ɗaya a bayan kai. Ta tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa ba a taɓa samu ba. Ta ce saboda duk mai irin 'yarta ya zo ya ga sarƙar ya koma gida. Ta wuce shi.

Asibitin ba nisa, hanyar ce dai da suka saba. Aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi a haske, ƙasusuwan hannun biyu sun tsage a wuri ɗaya. Da ya kwance bandejin sai ga shatin yatsu huɗu a fatar, sun fara yin baƙi, da na babban yatsa a ɗaya gefen. Ya dubi shatin, ya dubi Umma, ya shiga haɗa farin ɗaurin nan mai tauri. Aka ba ta maganin rage zafi, aka ja hannun aka daidaita. Tsuntsuwa ta cije leɓe, ta kafe ido a kan fankar sama. Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da kafaɗarta ta ce kai, yau Tsuntsuwa ta zama jaruma, ko ɗigon hawaye babu, a tafa mata. Har ta ce za ta ba sauran yaran labari su yi koyi.

Umma ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan zafi. Shekara biyar kukan nan ne ke gaya mata inda za ta duba. Da shi ta gane haƙarƙarin, da shi ta gane ƙaurin. Yarinyar da ba ta da ƙashi mai ƙwari, kukanta ne kaɗai abin da take da shi mai ƙarfi, yau kuma sun taru, ita da Abba, sun koya mata ta haɗiye shi. Gobe in ta faɗi a banɗaki ta yi shiru fa? In kanta ne ta buga?

Abba ya shigo da kayan aiki a jikinsa, baƙin mai a gwiwar wandonsa. Gwaggo ce ta kira shi. Ya tsaya a bakin gadon yana kallon farin ɗaurin, yana goge hannuwansa a wando. Kafin ya yi tambaya Tsuntsuwa ta riga shi. Ta ce jirgin kore ne, da jan kai. Ta ce agwagi suna da girma. Ta ce hannun ba ya ciwo sosai, jirgin ne ya ɗan girgiza, kuma ita ba ta yi kuka ba, a tambayi Gwaggo.

"Ba jirgi ba ne," in ji Umma. "Ni ce. Za ta faɗi, na damƙe ta."

Ya juyo ya dube ta. Ta ga maganar ta taso masa har maƙogwaro, maganar da yake da ikon faɗa, cewa ai ya faɗa. Ba ta jira ta fito ba. Ta gaya masa sauran, da murya ƙasa-ƙasa don kada yarinyar ta ji: cewa da karyayyen hannu ta zagaye tafkin nan, ta shiga kogo ta fito, ta yi murmushi a hoto, ta bari aka ja ƙashin aka daidaita, duk ba ta ce uffan ba. Saboda abin da ya faɗa a bakin ƙofa, da abin da ita ta maimaita mata a bakin wata ƙofar.

Abba ya dubi ƙasa, ya dubi fanka. Sannan ya durƙusa a gefen gadon har fuskarsa ta zo daidai da ta 'yarsa.

"Uwata," ya ce. "Maganar da na yi ran nan, na janye ta."

Ta dube shi, ba ta gane ba.

"Za ku koma. Da ni za a je. Ko kin karye, in kin warke za mu koma." Ya ƙara matsowa kusa. "Amma in wuri ya yi ciwo, ki faɗa. Kin ji? Nan take."

Tsuntsuwa ta dubi Umma don ta tabbatar. Umma ta gyaɗa kai. Yarinyar ta auna maganar, kamar yadda take auna kowane taku kafin ta yi shi.

"To yanzu in yi?"

"Ki yi me?"

"Kukan."

Abba ya ɗaga mata kai. Ta ja numfashi, bakin ya buɗe, abin da ta riƙe tun daga matakalar jirgi ya fito gaba ɗaya, har ma'aikaciyar jinyar ta leƙo ta koma. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Ba wanda ya iya rungume ta yadda ake rungume yaro mai kuka. Abba ya shimfiɗa tafinsa mai kanta a bayan kanta, yatsu a buɗe, Umma ta sa nata a ƙarƙashin ɗaurin, suka tsaya a haka har ta gaji.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka fito. Gwaggo tana tuƙi a hankali, ba ta kunna rediyo ba. Tsuntsuwa ta yi barci a cinyar uwarta, an tokare ta da filo, tabon askirim ya bushe a kan aljihun agwagwa. Da suka zo katangar mai ja da shuɗi, motocin makarantar sun tafi. Ta tsakanin ƙarafan babbar ƙofa ana hango jirgin a tsaye, mai jirgin yana share kujeru. Ƙofar gefe tana nan da sarƙarta.

Abba, da ke zaune a gaban motar, ya tambayi Umma ko ƙofar da ta ba shi labarinta ce waccan. Umma ta ce ita ce. Ya bi ta da kallo har suka wuce, ya ce gobe kafin ya tafi aiki zai tsaya ya ga manajan. Gwaggo ta ce a hankali ita ma za ta zo, kuma da wuri. Umma ta sunkuyar da kai. Tana kallon hannunta na dama a kan filo, kusa da farin ɗaurin, ta buɗe yatsun ta bar su a buɗe har gida.